Bataliyar Maharazu

A Filin Tsamiya da ke bayan tashar motar Zuru, babu ƙungiyar ƙwallon da ta taɓa raɗa wa kanta suna ya zauna. Ka zo da sunanka mai daɗin faɗa, ka rubuta shi da jan fenti a bayan jesi, duk wahalar banza ce. Daga ranar wasanka na farko, abin da Mama Alice mai ƙosai ta kira ka shi ne sunanka har ƙungiyar ta watse. Murhunta yana gindin tsamiyar a gefen fili, muryarta kuwa har bakin titi ake jin ta. Da alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi sai ta miƙe, ta ɗaga matsamin ƙosai sama, ta faɗi kalma biyu ko uku. Shi ke nan an yi suna ba rago.

'Yan Danko sun taso da sunan Damisar Daji, motarsu ta mace a hanya, ba su iso ba sai washegari da hantsi, suka tarar babu kowa a fili sai Mama Alice tana wanke kasko. Tun ranar ake kiransu Sai Gobe. Akwai Akuyar Japhet, waɗanda ƙwallonsu ta farko a duniya sai da ta bugi akuya sannan ta karkata ta shiga raga. Akwai Kama Wando, da robar gajeren wandon golansu ta tsinke ana tsakar wasa, ya ƙarasa tsaron raga da hannu ɗaya. Kama Wando har kofi sun ci, kuma da wannan sunan aka kira su a lasifika a gaban manyan baƙi.

To, wannan al'adar ce Maharazu tela ya ce shi zai karya.

Maharazu yana da shago a bakin tasha, kuma maganar gaskiya hannunsa yana da kyau, in ya yanka maka wando sai ka ce a jikinka aka halicce shi. Amma duk duniya babu abin da ya tsana irin a kira shi tela. Dangin mahaifiyarsa kaf sojoji ne, daga mai igiya ɗaya sai mai igiya uku. Shi ma ya yi ta zuwa wurin ɗaukar soja har shekarunsa suka wuce, kullum ana duban ƙafafunsa gwame a ce ya koma gida. Shi dai abin da yake faɗa wa mutane shi ne manya ne suka ji tsoron kada ya shiga ya wuce su. Ya ɗinka wa kansa kaki mai aljihu ta ko'ina, ya sayo usur ya ɗaura a jikin tef ɗin awo ya rataya a wuya, masu kawo ɗinki kuwa farar hula yake ce musu.

Samarin unguwarsu sun daɗe suna buga ƙwallo ba jesi ba koci. Yawancinsu 'ya'yan tsofaffin sojoji ne, a bariki aka haife su, kuma sun iya ƙwallo ba laifi. Maharazu ya ce zai ɗinka musu jesi kyauta in za su miƙa masa wuya. Suka miƙa. Da la'asar ɗin ranar ya wuce gindin mangwaron da tsofaffin sojoji suke zama, inda ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Philip, saje mai ritaya, yake gyaran kacar kekensa.

"Kawu, ina wuni? Na kahwa ƙungiya. Bataliya sunanta."

Kawu Philip bai ɗago ba. "Alice ta ce haka?"

"Za ta ce. Da bakinta za ta hwaɗi, gaban kowa."

"Maharazu, kai ka iya ɗinki. Wandon da ka yi mini na zuwa coci, kowa yana tambaya."

Tsofaffin suka kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta ja masa, domin Maharazu in aka yi masa dariya bakinsa yakan riga kansa. Ya daki ƙirji har usur ya yi tsalle.

"To ku shaida! In Mama Alice ba ta ce Bataliya ba, duk sunan da ta kira, ni da hannuna zan ɗinka shi bayan kowace jesi, in saka tawa in zagaye kasuwa ranar da ta cika!"

"Mun shaida," in ji tsofaffin, har da masu gyara zama.

Aka fara atisaye. Samari suka zo da ƙwallo, Maharazu ya karɓe ta ya kulle a shago.

"Oga, da me za mu yi wasa?" in ji Yazid, ɗan kabu-kabu, wanda shi ne mai cin ƙwallon ƙungiyar.

"Ƙwallo kowane ɗan iska ya iya. Ladabi ne babu. Kun taɓa ganin bataliya ta tahi yaƙi tana guje-guje kamar awaki? Ku jeru!"

Dokokinsa ba su da yawa. In an busa usur, kowa ya ƙame inda yake, ƙirji waje, ido gaba. In babba ya gifta, a sara masa. In an ba da umarni, a bi kafin a yi tunani. Kuma ba mai motsi sai an ce, "Sassauta!" Wanda ya kuskure zai zagaye tsamiya da tsallen kwaɗo, wanda ya yi gardama kuwa ya manta da jesi.

Abin da Maharazu bai lura da shi ba shi ne, yaran nan ba koya musu yake yi ba, tashin abin da ke kwance a jikinsu yake yi. Yaron da ya girma yana jin ubansa na kiran fareti tun yana goye, ba sai an sha wahala da shi ba. Kafin a je ko'ina jikinsu ya riga kansu. Maharazu ya ga haka ya ce baiwarsa ce.

Sai ya fara gwada su a gari. Ya hango Godswill, golan ƙungiyar, ya ɗauko wa mahaifiyarsa tiren ƙwai daga kasuwa. Ya laɓe bayan wata mota ya busa usur. Godswill ya ƙame, hannuwa suka sauka gefe, tire ya bi iska. Mahaifiyar Godswill ta zo har shago ta yi masa wankin babban bargo, shi kuwa yana ta murmushi yana ce wa maƙwabta, "Kun gani? Ko ƙyaftawa bai yi ba."

Bayan kwana kaɗan Yazid ya ɗauko wata mata da kwandon tumatir a babur, ya hango wani tsohon kofur a gefen hanya, ya saki hannun dama ya sara masa. Babur ya nufi kwata. Matar ta fito da tumatir har a ɗankwali, ta ce ita tunda take hawa kabu-kabu ba ta taɓa ganin wanda yake gaisuwa da ran fasinja ba.

Khairunnisa, matar Maharazu, ta ji duk wannan a bakin mata wurin niƙa. Da ya dawo cin abincin rana ta ajiye masa tuwo ta zauna.

"Baban Nana, in tambaye ka mana."

"Kwamanda za ki ce."

"To, Kwamandan keken ɗinki. Shi alƙalin wasa, da mi shika busawa?"

"Da usur mana."

"To in ya busa hwa?"

Maharazu ya yi dariya irin ta wanda ya tausaya wa jahili. "Ke, aikin soja ba na mata ba ne. Usur ɗina daban, nashi daban. Yarana sun san muryar nawa ko cikin barci."

Bai sani ba, a teburin da ya sayi usur ɗinsa, nan Talle alƙalin wasa shi ma ya sayi nasa, kwali ɗaya, launi ɗaya.

Ana gobe wasansu na farko ya ga ya kamata ya ɗan shafa wa Mama Alice mai a baki. Ya ɗinka mata sabon zanen aiki mai aljihun zuba canji, ya kai mata har gindin tsamiya.

"Mama, ina gajiya? Ga ɗan wannan, ki riƙa sawa. Gobe hwa jama'a za su taru, bataliya guda. Ƙosan nan naki ma, bataliya guda za su ci su ƙoshi."

Mama Alice ta ɗaura zanen ta juya hagu ta juya dama. "Ya yi kyau. Hannunka irin na kirki ne, ɗana."

"Na ce bataliya, Mama."

"Na ji. Kunnena lafiya lau. Amma ni ba na yin suna a gida in zo da shi. Abin da idona ya gani shi bakina yake faɗa."

"To ai abin da za ki gani ke nan."

"Allah ya kai mu. Ni da uwarka tare muka yi tallan gyaɗa, na goya ka a bayan nan, har ka yi mini fitsari. Ba na so ka ji kunya. Ka bar yaran su buga ƙwallo kawai."

Maharazu ya tafi yana cewa a ransa an gama, tsohuwa ta karɓi zane.

Ranar Asabar fili ya cika har kan katanga. Sai Gobe ne abokan karawa, kuma don a ƙure masu tsokana tun da sassafe suka iso daga Danko, da motar magoya baya guda. Tsofaffin sojoji suka jera benci a inuwa, na Zuru a dama, na Danko a hagu. Can sai aka ji ganga daga wajen tasha.

Gaskiya dai a faɗe ta, shigowar nan ta yi kyau. Samari goma sha ɗaya cikin koriyar jesi mai guga, ƙafa tana tashi tare tana sauka tare, Maharazu a gaba da kakinsa yana "Lef, rai! Lef, rai!" Tsofaffin sojoji suka miƙe ba su sani ba. Wani har da share ido. Mama Alice ta bar ƙosai a mai ta ce, "Kai! Kamar bataliya!"

Maharazu ya ji. Daɗi ya kama shi har ƙafarsa ta harɗe. Ya bar yaran a fili ya nufi bencin manya yana miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Kun ji ta? Kun ji da kunnenku?" Yana cikin wannan, bayansa na fili, Talle ya busa usur ɗin farawa.

Duk goma sha ɗayan suka ƙame.

Ɗan gaban Sai Gobe ya taɓa ƙwallo ya tsaya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga ba mai ko kallonsa. Ya juya wajen Talle.

"Alƙali, an hwara ko ba a hwara ba?"

"An fara."

"To waɗanga lahiya?"

"Ni ma ban sani ba. Ka yi wasanka."

Ya bi ta tsakaninsu a hankali yana waiwaye, don ya ɗauka wani tarko ne. Ya isa gaban Godswill ya ce masa sannu, ya gangara ƙwallo ta gefen ƙafarsa. Godswill yana kallon gaba, hawaye na bin kumatunsa, amma bai motsa ba.

Ihun jama'a ne ya juyo da Maharazu. "Sassauta! Sassauta, 'yan banza!"

"Dabara ce," ya ce wa mutanen da ke kusa. "A soja haka a ka yi, ka bar abokin gaba ya saki jiki."

Daga nan ya tsaya a bakin layi ya kama aiki. Talle ya busa, yara su ƙame, Maharazu ya ce sassauta. An yi keta, sassauta. Ƙwallo ta fita, sassauta. Talle kuwa mutum ne mai son busa, ko tari ɗan wasa ya yi sai ya busa. Amma tsakanin busa da busa yaran suna wasa mai kyau, har Yazid ya yanke mutum biyu ya farke. Talle ya busa alamar an ci, sai ga wanda ya ci ƙwallo da abokansa a ƙame ba mai murna, fuska a murtuke kamar an aiko musu da rasuwa.

Ana cikin haka Kawu Philip ya iso a makare a kan kekensa, da tsohuwar hularsa ta soja a ka. Hanyar da ta fi masa kusa ta bayan ragar Godswill take. Daidai lokacin wani ɗan Danko ya ɗaga ƙwallo daga nesa, irin wadda ko Nana 'yar Maharazu za ta kama. Godswill ya buɗe hannu zai cafe, wutsiyar idonsa ta hango hula. Ya juya ya buga ƙafa ya sara.

"Kama ƙwallo, ɗan banza!" in ji Kawu Philip.

"Yassa!" in ji Godswill, ƙwallo kuwa tana kwance a raga.

A bencin Danko akwai wani tsohon kofur, Ebenezer, wanda tun da ya yi ritaya babu wanda ya ƙara bin umarninsa, ko jikokinsa. Ya daɗe yana kallon abin nan yana lissafi. Da 'yan Zuru suka kawo hari sai ya miƙe, ya cika ƙirji, ya saki muryar da ya ajiye shekara da shekaru.

"Ataaanshan!"

Suka ƙame, ƙwallo ta wuce abinta.

Ai kuwa ya tono abin da ba a iya rufewa. Kada ka ce mugunta ce, wallahi kewa ce. Tsofaffin nan kowannensu yana da fareti a maƙogwaro da ya rasa inda zai sauke, yau ga samari a jere masu jin magana. Na Danko suka fara, na Zuru da ya kamata su hana sai suka ce ai su ma ba a fi su murya ba. Wannan ya ce a juya dama, wancan ya ce a juya baya. Wani tsoho da ba ya ko gani sosai ya daka tsawa ya ce a yi gaba, sai ga masu tsaron bayan Maharazu su huɗu sun jeru sun fice daga fili da maci, suka bi ta gaban masu rake, ba su tsaya ba sai da katanga ta tare su. Sai Gobe suka ƙara ta uku.

"Sassauta! Ku dawo! Sassauta! Baba, don Allah ku bari! Sassau..."

Muryar Maharazu ta tsaya nan. Da aka tafi hutun rabin lokaci Maharazu yana buɗe baki iska kawai ke fita, kamar tsohon famfon keke.

Amma dabara ba ta ƙare masa ba, kuma da ma nan ne matsalarsa take. Ya shiga zaro guntayen ƙyalle daga aljihunan kakinsa, na atamfa, na shadda, na leshin wata amarya, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu a kunne. Ya ɗaga babban yatsa. Wanda bai ji ba ai ba zai ƙame ba.

Haka kuwa aka yi. Aka dawo, Ebenezer ya yi ta tsawa har jijiyar wuyansa ta fito, ko a jikinsu. Sai dai Talle ma ya yi ta busa, ko a jikinsu. Ƙwallo ta fita waje, suka bi ta can suka ci gaba da wasa a tsakiyar masu kallo. Aka yi keta, Talle ya busa, 'yan Danko suka tsaya, 'yan Zuru suka wuce suka zura a raga suka rungume juna. Talle ya bi Yazid da gudu yana busa masa a ƙeya, Yazid ya ɗauka taya shi murna ya zo yi, ya ɗaga shi sama ya juya da shi.

Da aka sauke Talle ya zo bakin layi yana haki. "Maharazu, ko ka cire musu tsumman nan ko in tashi wasan yanzu!"

Aka cire. Maharazu ya dubi fili, ya dubi bencin tsofaffi, ya taɓa maƙogwaronsa. Babu murya, babu mai cewa sassauta. Sai ya ji an dafa shi ta baya. Khairunnisa ce, ta baro wurin mata da mayafinta a kafaɗa.

"Matsa, Baban Nana. Aikin da ba na mata ba ne ko? Matsa."

Ta fara juyawa wajen bencin tsofaffi. "Baba, ku ji tsoron Allah! Duk wanda ya ƙara buɗa baki, matarshi za ta ji daga gare ni yau ɗin nan!" Benci ya yi tsit, har Ebenezer ya zauna yana gyara hula. Sannan Talle ya busa, yara suka ƙame, ta ce, "Sassauta!" da muryar da take kiran Nana daga gidan maƙwabta. Suka zabura kamar an watsa musu ruwan zafi.

"Ga kwamanda ta zo!" in ji wani daga kan katanga. Maharazu ya yi kamar bai ji ba, ya goya hannu a baya yana kai da kawo, wai shi ne ya tura ta.

Wasa ya miƙe. Yaran suka rama ɗaya, saura ɗaya su yi kunnen doki. Jama'ar Zuru da suka gaji da dariya suka koma goyon baya da gaske. Maharazu ya saci kallon gindin tsamiya ya ga Mama Alice tana tafi. Zuciyarsa ta dawo. In aka farke wannan, wa zai tuna da abin da ya faru a farko? Za a ce bataliya ce da ta faɗi ta tashi.

Lokaci ya kusa cika, Talle yana ta duba agogo. Yazid ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya wuce na farko, ya wuce na biyu, gola ya fito ya yanke shi ya bar shi kwance. Raga ta buɗe ba kowa, tsakaninsa da ita bai fi taku ɗaya ba. Fili gaba ɗaya ya miƙe yana ihu. Maharazu ya buɗe baki zai ce, "Buga!" babu abin da ya fito. Murna ta cika masa ciki ta rasa ƙofa. Hannunsa ya kai kan abin da ke rataye a wuyansa, ya sa a baki, ya busa da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Yazid ya sauke ƙafar da ya ɗaga, ya haɗa ta da 'yar'uwarta, ya ƙame.

Khairunnisa ma mamaki ya mantar da ita cewa sassauta. Golan Danko ya rarrafo a kan gwiwa, ya ɗauke ƙwallon daga gaban takalmin Yazid, ya rungume ta kamar jariri.

Maharazu bai jira komai ba. Ya ruga gindin tsamiya, ya durƙusa gaban murhu, ya tattaro ɗan abin da ya rage a maƙogwaronsa.

"Mama," ya ce, da kyar ake ji. "Don zumuncinki da Inna. Ke kin ce kamar bataliya. Kowa ya ji. Cire kamar ɗin kawai."

Mama Alice ta dube shi. Ta ga gumi, ta ga idon da ya yi ja, ta tuna yaron da ta goya. Tausayi ya kama ta sosai, kuma tunda take a gindin tsamiyar nan ba ta taɓa jin za ta yi ƙarya don wani ba sai yau. Ta ce masa ya tashi. Ya tashi. Ta miƙe ta ɗaga matsami, jama'a suka yi shiru, ta buɗe baki.

Talle ya busa usur ɗin tashi.

Maharazu ya ƙame. Shi kansa bai san lokacin da ya yi ba. Ƙirji waje, ido gaba, hannu a goshi, gwiwoyi sun haɗu dugadugai sun ƙi haɗuwa, tef ɗin awo yana lilo a wuyansa da usur a ƙarshensa. A bayansa yaransa goma sha ɗaya su ma a ƙame. Ya tsaya nan a gaban kaskon ƙosai, ya kasa sauke hannun, domin dokarsa ce ba mai motsi sai an ce sassauta, shi kuwa ba shi da muryar faɗa.

Mama Alice ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan tef. Ta yi ƙoƙari, Allah ya gani ta yi ƙoƙari.

"Sojojin Tela!"

Filin Tsamiya ya ɗauka. 'Yan Danko suka ɗauka, masu rake suka ɗauka, na kan katanga suka mayar da shi waƙa. Maharazu yana tsaye hannu a goshi, hawaye suka zubo masa.

Kawu Philip ya jingine kekensa ya tako a hankali. Ya zagaye shi irin zagayen da ake yi wa kurtu a fareti, ya gyara masa kwalar riga, ya ɗan ɗaga masa gwiwar hannu. Sannan ya ja da baya, ya buga ƙafa, ya sara masa.

"Sassauta, soja."

Maharazu ya sauke hannu. Tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa kiransa da wannan sunan, ko da wasa.

Alkawari kuwa ya cika shi. Ranar da kasuwa ta cika ya fito da koriyar jesi, ya bi layin masu hatsi, ya bi na masu nama, ya ratsa ta 'yan tumatir, Khairunnisa tana biye da kwandon cefane. A bayan jesin ya ɗinka SOJOJIN da manyan baƙaƙe daga kafaɗa zuwa kafaɗa, Tela kuwa can ƙasa, ƙanana, sai ka sunkuya. Duk wanda ya yi dariya sai ya juya masa baya ya nuna da yatsa, da 'yar muryarsa da ba ta gama dawowa ba.

"Karanta na sama. Duk garin ga wa anka taɓa ba sojoji goma sha ɗaya? Karanta na sama!"

"Ku karanta na ƙasan ma," in ji Khairunnisa, tana zaɓen albasa. "Shi ka ciyad da mu."